Haƙorin Makka na Inna

Abubuwa huɗu ne suka shiga cinikin da zan ba ku labarinsa, kuma gara in jera su tun farko kamar yadda nake jera dabbobi kafin mai saye ya iso: haƙori ɗaya a bakin kakarku, buhu uku na hatsi, wana Mamman, da kuma sunana a kasuwar dabbobi ta Tawa. Na san abin da kuka taso kuna ji. An sha gaya muku a wurin biki, ko in faɗa ya haɗa ku da 'ya'yan baffanku na Kalfu, cewa ubanku ya ciro zinariya daga bakin uwarsa a shekarar fari ya sayi shanu da ita, kuma daga nan arzikin gidan nan ya tashi. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, amma na sha ganin tambayar a idonku. Yanzu Inna ta rasu, Yaya Mamman ya rasu, ni ma gwiwa ta fara ƙin tashi, don haka zan faɗi yadda abin ya faru. Ban yi muku alkawarin za ku gane shi duka ba, domin ni kaina har yau akwai inda ban gane ba.

Inna ta je aikin hajji tun kafin farin farko, lokacin da garken mahaifinmu yake cike. Ta dawo da tasbaha, da ruwan zamzam, da haƙorin Makka a sama, gefen hagu, daidai inda leɓe ke ɗagawa in mutum ya yi murmushi. Ku na yanzu wataƙila ba ku san yadda ake yin sa ba. Ba cire haƙori ake yi a dasa wani ba. Haƙori mai lafiya ake gogewa da zarto har ya sirance, sannan a kifa masa wata 'yar hula mai walƙiya a liƙe. A zamanin nan, mace ta dawo daga Makka ba haƙorin, sai a riƙa tambayarta ko a Agadas ta tsaya. Inna ta koyi dariya da gefe ɗaya don a gan shi. Kullum da safe sai ta goge shi da asawaki da ɗan toka, tana duba kanta a ƙaramin madubi. Da farin farko ya zo, shanun mahaifinmu suka ƙare, shi ma bai daɗe bayansu ba. Yaya Mamman ya zauna a gona a Kalfu, ni na ɗauko Inna na kawo ta Tawa. Cikin duk abin da gidanmu ya taɓa mallaka, haƙorin nan kaɗai ya rage wanda ke nuna cewa mun taɓa zama wasu.

Shekara goma sha wani abu tana ɗauke da shi kafin fari na biyu ya sauko, wanda ya zo a mulkin soja. Damina ta ƙi, makiyaya suka gangaro daga wajen Tebaram da Affala da abin da ya rage musu, suka kafa bukkoki a bayan gari. Ni a lokacin ƙaramin dillali ne, kuma aikina duka a bakin dabba yake. Mai saniya zai rantse maka shekararta huɗu, sai in kama hanci in buɗe baki, haƙora su gaya mini bakwai. Ba dabbar da ta taɓa yi mini ƙarya da haƙoranta. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da ke ba ni dariya da takaici in na tuna: ni da nake buɗe baki ɗari a rana, na yi wata da watanni uwata tana ruɓewa ta baki a cikin gidana ban sani ba.

Abin ya fara ne da ruwan randa. Inna ta daina shan ruwa mai sanyi, sai ta ajiye ƙwarya a rana ya yi ɗumi. Daga nan ta daina shan kunu da zafinsa. Ta koma tauna da gefen dama, daga baya ta daina taunar ma, sai farau-farau. Ta bar dariya, ta riƙa jan mayafi tana rufe baki in za ta yi magana. Kowa a gidan ya kawo nasa fassarar. Ni na ce tausayi ne, domin ta saba ɗaukar rabonta ta kai wa matan bukkokin bayan gari. Uwarku Rabi ta ce jar dawar taimako da sojoji ke rabawa ce ba ta karɓe ta ba. Wata maƙwabciya ta rantse iska ce ta biyo ta daga bayan gari. Malamin unguwa ya yi rubutu, ta sha, ba abin da ya sake. Yaya Mamman da ya zo ranar kasuwa ya ce sammu ne, har ya kama sunan wadda ta yi. Na kai ta asibiti aka ba ta ƙwayar zazzaɓi. Na sayo hanta, abin da ba kowa ke gani ba a shekarar, ta dube ta ta tura wa yara. In na tambaye ta abin da ke damunta, amsa ɗaya ce.

"Tsuhwa ce, Habu. Tsuhwa tana da magani?"

Wari ne ya tona asirin. Wata rana da hantsi na durƙusa zan gaishe ta, ta manta ba ta ja mayafin ba, sai na ji wani wari da na sani sarai, irin na saniyar da ƙaya ta shiga dasashinta ta yi ruwa. Na ɗaga kai na ga kuncin hagu ya ɗan tasa. Hannuna har ya motsa da kansa, kamar yadda yake yi a kasuwa, sai na tuna gaban wa nake. Ɗa ba ya ce wa uwarsa buɗe baki in gani. Na fita na sami Rabi a madafa na ce ta san dabarar da za ta yi.

Rabi ba ta iya zagaye-zagaye ba, kun san ta. Ta shiga ɗakin da ƙwaryar ruwan ɗumi da gishiri, ina tsaye bayan asabari ina ji.

"Inna, buɗe in gani."

"Ki ga mi? Bakina kasuwa ne?"

"Wallahi in ba ki buɗe ba, ɗanki zan kira ya buɗe ki kamar yadda yake buɗe shanun Buzaye."

"Ke dai ba ki da kunya, 'yar nan."

Da Rabi ta fito, fuskarta ta canza. Ta ce dasashin da ke kewaye da haƙorin ya yi baƙi-baƙi da kore, yana fitar da ruwa in an taɓa. Hular kuma tana motsi. Ashe ta daɗe da fara girgiɗi, har ta taɓa faɗowa cikin tuwo, Inna ta tsince ta ta wanke, ta jiƙa ƙaro ta mayar da ita ta liƙe. Kullum ta kwance sai ta sake liƙewa, tana cusa kanumfari da garin taba a gefe don zogi ya lafa. Ba wanda ta gaya wa, don tana tsoron abu ɗaya, kada a ce a cire.

Akwai wani likitan haƙori da ke zuwa daga Yamai lokaci-lokaci. Kafin zuwansa kumburin ya hau har ƙarƙashin ido, idon ya koma kamar tsaga, zazzaɓi kuma ba ya sauka. Na aika wa Yaya Mamman, muka ɗauke ta tare. Likitan ya haska fitila, ya taɓa hular da ɗan ƙarfe, ya girgiza kai. Ya yi mana bayani a hankali. Ya ce irin wannan hula in ba ta zauna daidai a bakin dasashi ba, takan bar 'yar kafa da ido ba ya gani. Abinci ya shiga, asawaki ba ya kai wa can, haƙorin ya yi ta ruɓewa a ciki alhali waje yana walƙiya. Jin sanyi da zafi shi ne gargaɗin farko, motsi na biyu. Da an zo a lokacin, da ya gyara haƙorin ya yi mata wata hular. Liƙewa da ƙaro kuwa, ya ce, kamar rufe ƙurji ne da faifai. Yanzu ruwan ya shiga ƙashi. Za a yi mata allurai kumburin ya sauka, sannan a cire duka, hular da abin da ke ƙarƙashinta.

"In ba a cire ba fa?" na tambaya.

"In ya hau sama da inda ya kai, ba ni za ku nema ba."

Inna ta ji, ta gyara mayafi ta miƙe.

"Ku mai da ni gida. Da shi na zo daga Makka, da shi za a rufe ni."

Allurai ta yarda da su, cirewa ta ƙi. Na yi lallashi, na yi alkawarin in Allah ya buɗa zan mayar da ita Makka a sa mata biyu. Ta ce ita ba ta sayar da hajjinta bashi. Na kawo malam ya gaya mata hajji ba a haƙori yake ba, ta ce ta sani, ai ba ta ce a can yake ba, amma ba za a cire ba. Na rasa ta inda zan kama maganar. A kasuwa na san abin da kowane mutum yake so, ko ya ɓoye. Nan kuwa ga mace mai hankali, wadda ta riƙe gida a farin farko, ta zaɓi mutuwa a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ke Zali, ke kika karya ta, ba ki kuma sani ba. Kina 'yar shekara huɗu, kin saba kwana a bayanta. Ran nan ta miƙo hannu ta ɗauke ki, kika toshe hanci kika ce Inna tana wari, kika gudu wajen uwarki. Rabi ta ɗaga hannu za ta make ki, Inna ta hana. Da la'asar ta aiko a kira ni.

"Gobe ka kai ni ga mutumen nan."

Cirewar ba ta daɗe ba. Hular ta fito da taɓawa ɗaya. Abin da ke ƙarƙashinta ba za a kira shi haƙori ba, wani baƙin kututture ne mai laushi da ya riƙa gutsurewa a bakin awartaki. Likitan ya wanke hular, ya naɗe ta a auduga, ya ba ni, domin Inna ba ta cikin hayyacinta. Muna fitowa, tun ba mu kai bakin ƙofar asibiti ba, Yaya Mamman ya ja ni gefe. Kada ku zarge shi. Rumbunsa ya ƙare tun kaka, yana da baki goma sha ɗaya a gida, 'ya'yansa suna cin tafasar ganye ba gari.

"Habu, abin ga ya riga ya hita. Zinariya ce. Aje ta cikin auduga ba ya cika ma kowa ciki. Kai ka san kasuwa, ka sai da ita a sai hatsi."

Na ce zan duba. Ban yi niyyar sayarwa ba, kayan Inna ne. Amma ina da wata ɗabi'a, ba na iya riƙe abu a aljihu ban san darajarsa ba. Na bi ta wurin Agali, wani Buzu maƙerin azurfa da muka saba, na kwance audugar. Ya juya hular a tafin hannu, ya goga ta a baƙin dutsensa, ya ɗiga wani ruwa, ya ƙara kartar cikinta da zarto. Sai ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba.

"Ta wa ce?"

"Ta wani ce."

"To ka ce ma wanin nan tagulla ce. An taɓa shafa mata ruwan zinariya, ya daɗe da tafiya. Gugar da ake mata ce ta sa take haske. Ko goro ba za ta sai maka ba."

Na zauna a bakin maƙerar. Shekara goma sha wani abu ana gaishe ta da Hajiya mai zinariya. An goge mata lafiyayyen haƙori, ta sha zogi, ta kusa rasa ido, duk a kan tagulla. Cutarta aka yi a can, ko ita ta zaɓi mai araha da guzuri ya ƙare? Ban sani ba. Na iso gida na tarar ta farfaɗo, auduga cike da baki. Ta miƙo hannu, na sa mata hular a tafi. Ta dube ta, ta mayar mini, ta yi magana da ƙyar.

"Riƙe min. Amma kada ka kai shi ga maƙeri."

Na ce to. Har yau ban san ko tana nufin kada in sayar ba ne, ko kuwa tana nufin kada a duba.

Washegari Yaya Mamman yana jirana a zaure. Ga abin da ke gabana. In na gaya masa gaskiya, kafin sati ya zagayo duk Kalfu da rabin Tawa sun ji, domin matarsa ba ta iya riƙe magana, kuma Inna da ta rasa haƙorin za ta rasa har labarinsa. In na ce ba zan sayar ba, na bar 'ya'yansa da yunwa a kan zinariyar da yake ganin tana aljihuna. Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne. Ina da ɗan hatsin da na tanada wa gidan nan tun kafin farashi ya haukace. Na ce masa na sayar, na fitar da buhu uku na ɗora masa a amalanke. A lokacin sojoji suna sa ido a kan duk mai ɓoye hatsi, don haka da rana tsaka na fitar, kowa yana gani, ina faɗa da ƙarfi cewa kuɗin haƙorin Inna ne. Na koma ciki ina jin na kashe wuta biyu da guga ɗaya.

A nan na yi kuskuren da yaron dillali ma ba zai yi ba. Ko zinariyar gaske ce, 'yar hular nan da ƙyar ta sayi buhu ɗaya a shekarar. Tausayi ya sa na ba da uku, na manta cewa ni dillali ne, kuma ba wanda ya taɓa yarda dillali ya miƙa duk abin da ya karɓa. Inna ce ta fara nuna mini. Labari ya iso mata, ta sa aka kira ni.

"An ce ka sai da shi."

Na ciro audugar daga aljihu na buɗe mata. Ta dubi hular, ta dube ni.

"To hatsin na wa ne?"

"Nawa ne, Inna."

"Buhu uku?" Ta dafe kunci tana dariya, dariyar farko cikin watanni, ga giɓin a fili. "Habu, kai dillali ne kuwa? Ɗaya ai ya isa."

Na ce, "Inna, kin sani ke nan?"

"Na san mi? Na tahi Makka ko ban tahi ba?"

"Kin tafi."

"To tashi ka ba ni wuri."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar.

A wannan shekarar ce na yi cinikin da ya tashe ni, kuma ba ruwansa da haƙori. Makiyaya suna ba da saniya a kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba, don ba ta iya tsayuwa. Na riƙa buɗe baki ina zaɓar 'yan karsana masu ƙuruciya. Waɗanda ba za su tashi ba na yanka, muka yi kilishi, na sayar da fatu, da kuɗin na sayi dusa da 'ya'yan gawo na ciyar da sauran. Rabi ta sayar da tasoshinta na aure ta ƙara mini. Rabinsu sun mutu duk da haka. Da ruwa ya dawo, waɗanda suka rayu suka zama garke. Yaya Mamman ya zo ya tsaya a bakin turken, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haƙorin Inna ya yi nauyi," ya ce. "In dillali ya ba ka uku, nawa ya aje?"

Na rantse masa. Ya ce ai bai ce komai ba. Daga ranar bai ƙara kwana a gidana ba. A kasuwa kuwa maganar ta yi ta girma, buhu uku suka zama goma, goma suka zama shanu ashirin. In na taya dabba sai wani ya ce a rufe baki, Habu ya iso. Ana dariya, ni ma ina yi, amma akwai Fulanin da suka daina ba ni dabbobinsu, suna cewa wanda ya sayar da haƙorin uwarsa ba abin da ba zai sayar ba.

Na roƙi Inna ta kira shi ta gaya masa ko da rabin gaskiyar, cewa hular tana nan. Amma Mamman ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta kamawa, ba ta taɓa zama da shi sun yi doguwar magana ba tun yana yaro, kunya ba ta bari. Sai ta ce in bar shi, in ya ƙoshi zai manta. Ban da haka, na lura labarin yana yi mata daɗi. Mata suna zuwa ganin giɓin da ya ciyar da gida guda a shekarar yunwa, ita kuwa tana buɗe musu, tana dariya da gefen nan na hagu kamar da. Tagullar ta fi yi mata amfani bayan an cire ta. Ta yaya zan ƙwace mata wannan?

Bayan rasuwarta, ranar sadakar bakwai, na ja Yaya Mamman ɗaki na kwance audugar, na gaya masa komai, har da Agali. Ya ɗauki hular ya juya ta, ya ajiye a tabarma.

"Buzun naka ya iya aiki. Kamar ta gaske."

Ya ɗauka sabuwa na sa aka ƙera. Agali kuwa ya riga ya koma arewa, ba wanda ya san inda yake.

To ga lissafin. Haƙori ya tafi, amma dama ba sauran haƙori a wurin, kuma Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana cin nama tana goyon jikoki, ba ta sake yarda an sa mata wata hular ba, ko da na sami halin yi mata ta gaske. Buhu uku sun tafi, 'ya'yan Mamman duka sun ga damina, su ne yau suke gaya muku ubanku ɓarawo ne. Sunana ya dawo rabi, domin kasuwa tana mantuwa in kana biya a kan lokaci. Wana ne bai dawo ba. Mun yi ta gaisawa a wurin suna da jana'iza kamar surukai har ya koma ga Allah. Na sha juya cinikin nan a raina, in sa ran Inna da mutuncinta a gefe ɗaya, in sa Mamman a ɗayan, ban taɓa samun ya tsaya wuri ɗaya ba. Abin da na tabbata kawai shi ne, da buhu ɗaya na ɗora a amalanken nan, da 'ya'yansa sun fi shan wuya, ni kuma da ina da wa. Hular tana cikin gwangwanin shayi a ƙasan akwatina. Wanda ya so ya kai ta ga maƙeri, amma ya bari sai bayan raina, domin ni an ce kada in kai, kuma sau ɗayan da na kai ya ishe ni.